A fito da ƙananan yara waje su koyi kimiyya da idonsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da kuma iyaye a kan wani abu da ya daɗe yana cin raina.

Ni malamar firamare ce. Shekarata 24 ke nan riƙe da alli, yawancinsu a aji ɗaya zuwa aji uku, wato tare da yara 'yan shekara 6 zuwa 9. Duk sanda aka tashi zancen raunin ɗalibai a fannin kimiyya, kuka ɗaya nake ji: babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki. Ban musa ba, ɗan sakandare yana buƙatar waɗannan. Amma yaron da ya isa sakandare yana gudun kimiyya, ba a can ya fara gudunta ba. A hannunmu ya fara, tun ranar da muka zaunar da shi a benci muka sa shi rera sassan tsiro kamar waƙa, saiwa, kara, ganye, fure, alhali ga ciyawa nan a bayan taga, taku goma tsakaninsu, bai taɓa tuge ko ɗaya ya kakkaɓe ƙasar ya ga saiwar da yake rerawa ba.

Laifi tudu ne, don haka bari in fara da nawa. Na yi wajen shekara 7 ina rubuta wa yara a allo cewa iri ba ya tsira sai da ruwa da iska da hasken rana. Haka na haddace, haka na bayar, haka na yi ta ba da maki a jarrabawa. Wata shekara na zo da ƙwayoyin wake, muka jiƙa auduga muka sa a kwalaben da ake hango cikinsu, kowane rukuni da kwalbarsu a bakin taga. Niyyata kawai in ƙawata darasi. Sai wani yaro ɗan shekara 8 ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai iri binne shi ake yi. To ina yake ganin rana a cikin ƙasa?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na rasa ta cewa. Gabana ya faɗi, domin yara sama da 50 sun zuba mini ido, kuma abu mafi sauƙi shi ne in ce masa ya zauna, haka aka rubuta. Allah ya taimake ni ban faɗi hakan ba. Na ce mu ɗauki kwalba ɗaya mu kulle a kabad, inda ba haske ko kaɗan, mu gani.

Bayan kwana 4 muka buɗe. Waken ya tsage ya fito da saiwa, daidai da na bakin taga. Bayan kwana 10 ya ma fi su tsawo, sai dai siriri ne ba ƙwari, fari-fari mai ruwan ɗorawa, ganyensa 'yan mitsi-mitsi, ya langaɓe a jikin kwalba. Na taga kuwa gajeru ne, kore shar. Yara suka yi ta kai da komo tsakanin kwalaben, kuma da bakinsu suka haɗa bayanin, ni tambaya kawai nake ɗora musu. Ƙwayar wake tana ɗauke da guzurinta a ciki, ruwa da iska da ɗumi take jira ta tashi. Sai guzurin ya fara ƙarewa, ganye ya karɓi aikin ciyar da tsiron, sannan haske ya zama dole. Daga baya na karanta cewa akwai wasu 'yan ƙananan iri da haske ke tayarwa, amma wake ba ya cikinsu.

Na tsaya gaban aji na ce, "Abin da na rubuta muku ba daidai ba ne. Ku ɗauko littattafanku mu gyara." Mutuncina bai zube ba. Abin da ya faru shi ne daga ranar nan tambayoyi suka ɓalle a ajin, har daga bakin yaran da ban taɓa jin muryarsu ba.

Malam Edita, duk wannan doguwar wasiƙa a kan magana ɗaya take, maganar da nake so kowane malami da kowace uwa su saba faɗa ba kunya: "Ban sani ba, zo mu je mu duba." Mu manya mun ɗauka koyarwa ita ce ba da amsa, malamin da ya ce bai sani ba kuma ya gaza. Shi ya sa muke tsoron fita da yara. A cikin aji mu ke da tambaya, mu ke da amsa. A waje kuwa ƙwaro ɗaya zai jawo tambaya goma da babu ko ɗaya a manhaja. Kowa ya san gani ya kori ji, amma a darasin kimiyya ji kaɗai muke ba yara.

A kwalbar nan dai akwai darasi na biyu. Ka sa ƙwayar a kife ko a gicciye, saiwa ƙasa za ta nufa, tsiro sama. In saiwar ta kai tsawon ɗan yatsa ka kwantar da kwalbar, cikin kwana ɗaya ko biyu bakinta zai lanƙwasa ya sake nufar ƙasa. Na ga yaron da ya juya kwalbarsa sau uku wai yana so ya ruɗa saiwar, ta fito a karkace, kowace lanƙwasa yana iya faɗa maka ranar da ya yi ta. Ban gaya musu sunan abin a kimiyyance ba. Sunan zai same su a sakandare, kuma in ya zo zai tarar da abin da zai zauna a kai.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a sha'anin zaman duniya. Amma abin da ke ƙasa, yaro ya fi mu kusa da shi, kuma ba ya jin nauyin tsugunawa. Kowace shekara, kafin mu fita, nakan ce kowa ya zana mini tururuwa da ka. Wasu su ba ta ƙafa 4 kamar akuya, wasu 10, wasu su jera ƙafafun tun daga kai har gindi. Sai mu fita kowa ya nemi tasa ya tsuguna. Ba na cewa komai sai "ƙirga". Ƙafa 6, jiki gaɓa 3, kuma duk ƙafafun a gaɓar tsakiya suke. Sai a sake zane a gefen na farko. Ba na yarda a goge na farkon, domin ina so yaro ya ga tazarar da ke tsakanin abin da ya zata da abin da ya gani. Ba kyan zane nake nema ba. Wanda zai zana abu dole ya koma ya sake duba shi sau biyar, sau shida, kuma wannan komawar nake so.

A irin wannan fitar ce wata yarinya da ake yi wa kallon daƙiƙiya, don ta kai aji uku tana tuntuɓe a karatu, ta ja gefen rigata ta ce a hankali, "Malama, gizo-gizo ba ɗan gidansu ba ne. Nasa takwas ne." Ba wanda ya aike ta. Ta ƙirga na ƙuda, ta ƙirga na fara, ta ƙirga na tururuwa, duk 6, ta zo kan gizo ta ga 8, jikinsa kuma gaɓa 2. Masana ma haka suka raba su. Na sa ta faɗa a gaban aji ta nuna zanenta. Ba zan ce daga ranar ta zama ta ɗaya a aji ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Amma ta fara rubutu a ƙarƙashin zanenta, don yanzu tana da abin da take so ta faɗa, kuma ta nan karatun ya fara kama ta. Abin da ya ƙara taɓa ni, duk yaran nan sun san "yanar gizo" a matsayin intanet, amma da yawansu ranar suka fara tsayawa gaban yanar gizo ta ainihi, da raɓa a jikinta. Suka ga zaren da suka tashi daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, da kuma wanda ya kewaye su. Muka taɓa da tsinken ciyawa. Na kewayen yana mannewa, miƙaƙƙun ba sa mannewa. Yarinyar nan ta ce ashe shi ya san inda yake takawa.

Wani zai ce wannan ai kallo ne kawai, ina kimiyyar? To ga ta. Bayan wani ruwan sama yara suka tarar da 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a cikin wani tsohon gwangwani. Na ce daga ina suka zo? Kusan duk ajin suka ce ruwa ne ya haife su, in ruwa ya daɗe ai yakan yi tsutsa. Ban ce a'a ba. Na ce ta yaya za mu tabbatar? Sun sha gardama kafin su tsaya a kan roba biyu, kowacce da ruwa mai tsabta da 'yan busassun ganye, ɗaya a buɗe, ɗaya a ɗaure bakinta da ƙyalle. Wani ya ajiye buɗaɗɗiyar a inuwa, rufaffiyar a rana. Nan take wata ta ce, "An yi maguɗi! Sai dai a sa su wuri ɗaya." Ban taɓa jin daɗin kalmar maguɗi ba sai ranar. Yaro ya san maguɗi tun daga filin wasa, ya san ba a tsere ɗaya yana gaba ɗaya yana baya. Ƙa'idar gwaji ke nan gaba ɗayanta: abu ɗaya tak ake sauyawa, sauran a bar su daidai. Akwai ɗaliban sakandare da suka haddace wannan ƙa'ida da Turanci ba su gane ta kamar yarinyar nan ba.

Bayan mako guda buɗaɗɗiyar ta yi tsutsa, rufaffiyar ba ko ɗaya. Muka ɗebi 'yan kaɗan muka sa a kwalba muka ɗaure bakin da yanki na gidan sauro. Yara suka ga tsutsar tana rataye a saman ruwa, kai a ƙasa, tana shaƙar iska ta wajen wutsiya. Suka ga ta dunƙule kamar waƙafi. Wata safiya suka tarar da sauro a tsaye jikin kwalba, ga fankon da ya fito daga ciki yana yawo a kan ruwa. In ana zafi, daga ƙwai zuwa sauro bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba. Ban yi musu wa'azin tsabta ba. Da kansu suka bi harabar makaranta suna kife duk abin da ya tara ruwa.

Sai da suka gama sannan na ba su labarin Francesco Redi, wani likita a ƙasar Italiya. A zamaninsa mutane, har da masu ilimi, sun yarda cewa ruɓaɓɓen nama shi ke haifar tsutsa. Ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe, wasu a rufe, wasu an lulluɓe bakinsu da ƙyalle mai shara-shara. Inda ƙuda ya samu ya sauka, nan kaɗai tsutsa ta fito. A 1668 ya wallafa abin da ya gani. Da na faɗi haka wani yaro ya ce, "Ashe irin namu ya yi." Ina roƙon malamai su lura da wannan jerin. In ka fara da labarin, ka ba yaro abin haddacewa. In ka bari ya yi nasa tukuna, labarin zai zo masa kamar an gabatar masa da wani ɗan'uwansa.

Ba kullum ake dacewa ba. Wata shekara muka ɗebo 'ya'yan kwaɗi, waɗannan masu kai da wutsiya kamar kifi. Na zuba su da yawa a kwalba ɗaya, na rufe murfi don kada a zubar, na bar ta a bakin taga ranar Juma'a. Ranar Litinin duk sun mutu. Rana ta gasa ruwan, iska ta ƙare musu. Wata yarinya ta yi kuka har da sheshsheƙa. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, domin rayuka ne, kuma sakacina ne, haka kuma na gaya musu. Muka zauna muka lissafa abin da kududdufi yake da shi wanda kwalbarmu ba ta da shi: faɗi, inuwa, gansakuka, buɗaɗɗen sama. Karo na biyu guda 6 kawai muka ɗauko, a faffaɗar roba, da ruwan wurin da muka samo su, da dutse a tsakiya don ranar da za su buƙaci hawa.

Makonni muka yi muna jira. Ƙafafun baya suka fara fitowa, sannan na gaba. Sai gardama ta tashi a kan wutsiya: faɗuwa take yi ko kuwa? Masu cewa faɗuwa take yi suka riƙa duba ƙasan robar kowace safiya, ba su taɓa tsintar wutsiya ko ɗaya ba. Masu gwada ta da tsinke suka ga kullum raguwa take yi. Jikin ne ke shanye ta. Da suka zama kwaɗi muka kai su inda muka ɗebo su muka sake su, yarinyar da ta yi kuka ita ta karkata robar.

Jiran nan shi ne abin da waya da talabijin ba za su koya wa yaro ba. A bidiyo kwaɗo yana cika cikin minti ɗaya. Ba na ƙin bidiyo, nakan nuna musu abin da ba za mu iya zuwa mu gani ba, kamar ƙarƙashin teku. Amma yaron da ya yi wata guda yana zuwa bakin roba kowace safiya, yawancin ranaku bai ga sabon abu ba, ya rubuta kwanan wata ya rubuta "ba canji", ya koyi abin da kimiyya ta tsaya a kai. Nakan tuna da Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Frankfurt ta ƙasar Jamus a 1647. Tana da shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki tana lura da yadda take sauyawa. Ta girma tana zana kowane mataki na rayuwar ƙwari tare da ganyen da suke ci, a lokacin da mutane da yawa suke zaton daga taɓo ƙwari ke fitowa. A 1699, tana da shekara 52, ta shiga jirgin ruwa zuwa Suriname a Kudancin Amurka don ta ga ƙwarin can da idonta. Abin da ta fara da shi yana hannun kowane yaro a ajina.

Inuwa ma haka. A kafa sanda a fili, a ajiye tsakuwa a bakin inuwarta kowace awa. Da safe doguwa ce tana nuna yamma, ta yi ta gajarta har tsakar rana, sannan ta miƙe ta nufi gabas. Kimanin shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Eratosthenes a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar ya sami labarin cewa a wata rana ta shekara, da tsakar rana, abin da ke tsaye a garin Aswan, can kudancin ƙasar, ba ya yin inuwa. A wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya ya ga ta karkata da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wajen digiri 7. Da wannan da kuma nisan garuruwan biyu ya lissafa kewayen duniya. 'Yan aji uku ba za su bi lissafin ba, amma sukan kalli sandarsu da wani ido daban. Haka in muka huda kwali da allura muka leƙa muka ga bishiya a kife a jikin farar takarda, nakan gaya musu cewa Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rayu a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, da ɗaki mai duhu da 'yar ƙofa ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya. Sharaɗi ɗaya dai, kada a bar yaro ya kalli rana kai tsaye.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin sun sha faɗa mini a ɗakin malamai. Aji ya cika, ta yaya za ka fita da yara 60? Ina fita da su. Rukuni na mutum 6, kowa da aikinsa, mai ƙirga, mai zane, mai riƙe kwalba. Ina shata iyaka a ƙasa kafin a fara, tambaya ɗaya tak muke fita da ita, minti 20 mu dawo. Za a yi hayaniya, amma ka matsa kusa ka saurara ka ji a kan me ake yin ta. Masu cewa makarantarsu ba fili, akwai ciyawa a tsagar siminti, akwai ƙadangare a bango, akwai gajimare a sama. Ka kewaye ɗan wuri da igiya mai tsawon taku 4 ka ce a ƙirga masu rai da ke ciki, za ka sha mamaki.

Maganar kunama da maciji kuwa ba ta wasa ba ce, kuma ban taɓa ɗaukarta da wasa ba. Nakan zagaya wurin ni kaɗai kafin in fito da su. Ba a sa hannu a rami. Ba a ɗaga dutse da hannu, da sanda ake ɗagawa, kuma ta yadda zai buɗe can gefen da ba kowa. Ba a kai komai baki. Ƙwaron da ba a sani ba kallonsa ake yi, ba a kama shi. A wanke hannu da sabulu in an dawo. Yaron da ya saba da waɗannan ya fi tsira a kan wanda aka ce masa kawai kada ya taɓa komai, domin wancan zai taɓa ranar da ba babba a kusa.

Wani shugaban makaranta da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya taɓa kirana ofis ya ce iyaye na ƙorafin kayan makaranta suna dawowa da ƙasa, kuma shi ma ta taga wasa yake hangowa a lokacin darasi. Ban ga laifinsa ba, daga nesa haka abin yake kama. Na roƙe shi ya zo ya tsaya minti 10. Ya zo, wani yaro ya yi masa bayanin yadda tururuwa ke ruɗewa in ka goge hanyarsu da yatsa, don ƙamshi suke bi. Bai sake kirana ba. Game da jarrabawa kuma, abubuwa masu rai, tsirrai, ruwa, yanayi, ai su ne a manhajar ƙananan azuzuwa. Ba wani sabon abu na ƙaro ba.

Uzurin da ya fi nauyi a wurina shi ne wanda ba a cika faɗa ba: mu kanmu malamai ba haka aka koya mana ba. Wanda bai taɓa shuka iri a kwalba ba, ta yaya zai yarda ya yi a gaban yara? A nan nake kira ga kwalejojin horon malamai. A Faransa, a tsakiyar shekarun 1990, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1992, ya koma kan makarantun firamare, shi da wasu masana suka kafa shirin koyar da kimiyya ta hanyar sa hannu a aiki, kowane yaro da littafinsa na rubuta abin da ya gwada. Mutumin da ya kai ƙololuwa a fanninsa ya ga cewa a aji ɗaya maganar take. Kafin a ba ɗalibin malanta takardar shaida, a sa shi ya reni tsiro na wata guda, ya rubuta abin da ya gani kullum, ya yi kuskure ya gyara a gaban 'yan'uwansa.

Iyaye, ku ma da naku. Jane Goodall, masaniyar halayen birai, tana 'yar shekara 4 ko 5 ta ɓace a gida na tsawon awanni, ana ta nemanta hankali a tashe. Ashe tana cikin akurkin kaji a ɓoye, tana so ta ga ta ina ƙwai ke fitowa. Da ta fito a guje, duk jikinta ciyawa, mahaifiyarta ba ta yi mata faɗa ba, ta zauna ta saurari labarin. Ita ce a 1960, a dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya a bakin tafkin Tanganyika, ta ga birin nan da ake kira cimfanzi yana zura tsinke a shuri yana zaro gara, a lokacin da ake ɗaukan ɗan'adam kaɗai ke ƙera abin aiki. Ban ce a bar yaro ya ɓace ba. Amma in ya shigo da tsakuwa ko gashin tsuntsu a aljihu, kafin ki ce ya je ya yar, tambaye shi a ina ya samu, me ya gani a jiki. In ya dawo makaranta, a maimakon "me aka koya muku", gwada "me ka gani yau". Ku fita tare bayan faɗuwar rana ya zana wata, gobe ma haka, har kwana 29 ko 30 su cika ya ga ya koma yadda ya fara. A tsakani zai zo da tambayar da za ta tsayar da ke, kamar ranar da zai hango wata da safe rana na sama.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware ɗan lungu a jaridar nan kowane mako don yara. Tambaya ɗaya kawai, irin wadda sai an fita an duba: fure nawa ne ke rufewa da dare a kusa da gidanku, ina tana ke shiga in ƙasa ta bushe, wane ruwa ne ya fi saurin ƙafewa tsakanin na faranti da na kofi. Kada a buga amsa a ranar. A bari sai mako na gaba, tare da zanen da yara suka aiko, har da waɗanda ba su dace ba. Ni dai ajina za su aiko.

A yanzu haka akwai kwali a bayan ajina, an rufe bakinsa da ƙyalle. Wata koriyar tsutsa da yara suka samo a jikin ganye ta yi kwanaki tana ci, sannan ta daina, ta maƙale a jikin tsinke ta ƙulle kanta. Yau kwananta 8 a haka. Ajin ya rabu uku: masu cewa ta mutu, masu cewa barci take yi, da masu cewa malam-buɗe-littafi zai fito. Kowa ya rubuta zatonsa da kwanan wata. Kullum kafin a buga ƙararrawa nakan tarar da su a tsugune gaban kwalin. In ya buɗe, da yardar Allah zan aiko maka da zanen da suka yi.

Wassalam.

Taku,
Malamar aji uku.